Allurar 'yan Chaina don ciwon kafaɗa, akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Baban_Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Kafaɗata ta dama ce ta matsa min 'yan watannin nan, aikin fenti nake yi kuma yawanci hannu a sama yake wuni, da farko ɗan tsami ne kawai in na tashi aiki amma yanzu ta kai in zan ɗaga hannu da ya zo saitin kafaɗa sai in ji suka, in na daure na wuce wurin zuwa can sama kuma sai ya lafa. Dare ne babban tashin hankalin, ba dama in kwanta ta ɓangaren. Na sha diclofenac har cikina ya fara zafi na haƙura da shi. Wani abokin aikina ya ce in je a yi min akufanca, allurar nan ta 'yan Chaina da ake jerawa a jiki. Tana aiki da gaske ko labari ne? Kuma da zafi? Ni fa ko allurar zazzaɓi sai an riƙe ni.

Ummu_Hanan: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi Baban Khalifa. Ni an yi min, tawa tsakanin wuya da kafaɗa ce saboda zaman kwamfuta. Maganar zafi cire ta daga ranka, allurar siririya ce sosai kuma ba rami a cikinta, ba ruwan magani ake ɗura maka ba. A cikin wani ɗan bututun roba take zuwa, sai a ɗora bututun a fata a ɗan buga kan allurar da yatsa, wlh ta farko ban san ta shiga ba sai da na waiga. In an ɗan murza ta ne za ka ji wani nauyi yana bin naman, ba zafi ba ne dai amma ka san ana taɓa wani abu a ciki. Ana barinsu wajen minti 20 zuwa 30, ni har barci ya ɗauke ni. Na samu sauƙi gsky, sai dai wuri ɗaya ya ɗan yi tabon taruwar jini ya baje daga baya.

Sarkin_Gardama: Anti Ummu kin kwanta rabin awa a ɗaki shiru ba waya ba kwamfuta, ana lallaɓa ki, to ba dole wuya ya saki ba? Ko ba allurar ma zai saki.

Ummu_Hanan: Hhh kai dama ba a raba ka da musu. Kullum ina kwanciya a gida ai, me ya sa bai saki ba? Jiki magayi.

Mai_Gashin_Ƙashi: Malam Baban Khalifa sannu. Kafin a zo maganar allura, yadda ka kwatanta ciwon nan ya fi komai muhimmanci. Ciwon da ke tashi idan hannu ya kai tsakiyar ɗagawa, wajen digiri 60 zuwa 120, ya lafa a sama, ga hana kwanciya ta gefen, ga aikin ɗaga hannu kullum, ya yi kama da matsalar jijiyoyin da ke riƙe kan ƙashin dantse a gurbinsa. Tsokoki huɗu ne suka kewaye gaɓar, wadda ta fi shan wahala ita ce ta sama, supraspinatus, don jijiyarta ta ƙarƙashin wani ƙashi take bi kuma wurin matsattse ne. Amma fa daga rubutu ba zan ce ga abin da ke damunka ba, sai an taɓa an gwada ƙarfin hannun. Kumburi ne kawai, ko jijiyar ta ɗan tsage, ko ta yanke gaba ɗaya, ko ma daga wuya ciwon yake saukowa, kowanne da hanyarsa. Allurar tana iya rage zafi, wannan na gani da idona a wurin marasa lafiya, amma ba ta ɗinke jijiyar da ta yage. Wanda ya ce maka tana yi, tashi ka ba shi wuri.

Baban_Khalifa: Na gode likita. To hoton ƙashi zan yi kenan?

Mai_Gashin_Ƙashi: Eksire ƙashi yake nunawa, ba ya nuna jijiya. Sikanin ko MRI ne ke nuna ta. Amma ba kowa ke buƙata ba, wanda ya duba ka shi zai ce. Kuma ka sani mutane da yawa masu shekaru in aka yi musu hoton za a ga 'yar yagewa alhali ba abin da ke musu ciwo, shi ya sa ba hoto kaɗai muke bi ba.

Ɗalibi_a_Sin: Bari in sa baki tunda a nan Chaina nake karatu. A asibitocin gwamnati na nan akwai sashen allurar nan kamar yadda ake da sashen ido ko haƙori, kuma su ma likitocin in suka ga alamar yagewa hoto suke tura mutum, ba wai komai allura ba. Wuraren sukan da aka daidaita a jiki 361 ne a kan layuka 14 da suke cewa suna ratsa jiki, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da tsarin sunayensu. Na kafaɗa da aka fi amfani da su akwai Jianyu, ɗan ramin nan da ke fitowa a gaban kafaɗa in ka ɗaga hannu gefe, da Jianliao a bayansa, da Jianzhen saman hammata ta baya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wani wuri a ƙwauri, Tiaokou, sai a soka allura a ƙafa ana murzawa a ce wa mutum ya dinga juya kafaɗar a hankali. Na ga wata dattijuwa hannunta ya ƙara ɗaguwa a take. Ko ya ɗore bayan ta koma gida wannan kuma wata maganar ce.

Sarkin_Gardama: To ka ji. Ciwo a kafaɗa, allura a ƙwauri. An ɗauke hankalinta ne da ƙafar ta manta da tsoron ɗaga hannu. Kuma layukan nan 14 wane mai fiɗa ne ya taɓa buɗe jiki ya gansu?

Abu_Sumayya: Ni tambayata daban ce, wannan chi ɗin da suke cewa yana yawo a jiki, ba tsafi a ciki dai ko?

Ɗalibi_a_Sin: Malam Abu Sumayya ba karatu ba surkulle, allurar baƙin ƙarfe ce da auduga da sifirit. Chi bayani ne na mutanen da, yadda suka fahimci jiki sama da shekara 2000 da suka wuce. Sarkin Gardama kuma gaskiyarka ta nan, ba a ga layukan a fiɗa ba. Amma an ga wani abu daban. Tun shekarun 1970 aka nuna cewa sukan yana sa jiki ya saki sinadaransa na kashe zafi irin su endofin, har aka gwada a ɓeraye in aka ba su naloxone, maganin da ke toshe aikin waɗannan sinadarai, sai tasirin allurar ya ragu. Farfesa Han Jisheng na jami'ar Peking ya daɗe yana wannan binciken, musamman wadda ake haɗawa da lantarki kaɗan. Kenan ana iya ajiye maganar chi gefe a yi maganar jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo ƙwaƙwalwa.

Mai_Karance_Karance: Ku bari in kawo muku abin da aka gwada a kan mutane, don labarin "an yi min na warke" kowane magani yana da shi. Yadda ake gwajin shi ne a raba marasa lafiya, wasu a yi musu ta gaske wasu ta bogi. A Jamus ma a 1998 wani likita Streitberger ya ƙera allurar da in an danna sai ta koma cikin mariƙinta, mutum ya ji tsini ya zaci ta shiga. Abin sha'awa a kan ciwon kafaɗa aka fara gwada ta a marasa lafiya, 'yan wasa 52, ta gasken ta fi. Sai 2005 masu tace bincike na Cochrane suka haɗa gwaje-gwaje 9 na ciwon kafaɗa suka ce ƙanana ne, ba su isa a ce tana yi ko ba ta yi ba, sai dai wataƙila sauƙi na ɗan lokaci. Sai 2010 aka fitar da wani babba a Jamus mai mutum 424, an yi musu zama 15 cikin sati 6, bayan wata 3 waɗanda ciwonsu ya ragu da aƙalla rabi kashi 65 ne a ta gaske, 24 a ta bogi, 37 a masu maganin asibiti da aka saba. Wannan ya goyi bayan Anti Ummu.

Ummu_Hanan: Yauwa! Sarkin Gardama ina kake?

Mai_Karance_Karance: Tsaya Anti ban gama ba. A ƙasar dai, a 2007, an yi na ciwon baya da mutum sama da 1,100, waɗanda suka samu sauƙi a ta gaske kashi 47.6, ta bogi 44.2, maganin da aka saba 27.4. Kin ga nan ta gaske da ta bogi kusan kunnen doki suka yi, kuma dukansu sun doke ɗayan. Da aka haɗa bayanan mutum sama da 20,000 a 2018 kan ciwuka masu daɗewa har da na kafaɗa, an samu ta gaske ta fi ta bogi amma tazarar ba babba ba ce, babbar tazarar tsakanin wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa komai ba take. Ni fahimtata akwai ɗan tasiri na allurar kanta, akwai kuma kaso mai tsoka na sa rai da kulawa.

Sarkin_Gardama: Ina nan Anti ban gudu ba. Ai abin da nake faɗa kenan, in sukan ko'ina ma yana aiki to wurare 361 ɗin na mene ne.

Ummu_Hanan: Ni dai barci nake nema da daddare, ko ta ina sauƙin ya biyo.

Admin: An goge wani saƙo na mai tallan maganin "ciwon gaɓoɓi kowane iri cikin kwana uku". Dan Allah ba a talla a nan. A ci gaba.

Nas_Maijinya: Ni abin da ban ga an taɓo ba shi ne haɗarin, kuma a kafaɗa ne ma ya fi. Mutane suna zaton huhu a ƙirji kawai yake, alhali kansa yana leƙowa har saman ƙashin wuya, kuma ta baya tsakanin allon kafaɗa da ƙashin baya ba shi da nisa da fata musamman ga siririn mutum. An taɓa kawo mana wani saurayi da daddare yana haki, gefen ƙirjinsa na suka in ya ja numfashi, ga busasshen tari, sai da aka yi ta tambaya ya ce da rana an yi masa allura a saman kafaɗa shi bai ma haɗa abin da ita ba. Hoto ya nuna iska ta taru ta danne huhun, sai da aka sa masa bututu a gefen ƙirji ya yi kwanaki a gado. Ba kasafai yake faruwa ba, ban ce a tsorata ba, amma duk wanda aka yi wa a wuya ko kafaɗa ko gadon baya ya ji numfashi na masa wuya a ranar ko washegari, asibiti kai tsaye kuma ya faɗa musu an yi masa allura.

Baban_Khalifa: Innalillahi. Anti Nas kin sa jikina ya yi sanyi.

Ɗalibi_a_Sin: Gaskiya ta faɗa. Wurin sunansa Jianjing, tsakiyar tudun naman nan tsakanin wuya da kan kafaɗa, kuma a aji ana ja mana kunne a kansa sosai, ba a zurfafawa, wasu ma sai sun tattaro naman da yatsu sun ɗaga shi sannan su soka a karkace. Ba a yi wa mai ciki a wurin, haka ma wurin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya. Wanda ya yi karatun ya san wannan, matsalar wanda ya yi kwas na sati ɗaya ya sayo kwalin allura ne.

Nas_Maijinya: Ƙari kuma, a buɗe sabuwar allura a gabanka daga ledarta, a jefa ta kwandon allurai bayan an cire. A Amurka tun 1996 hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta sa su cikin kayan asibiti na amfani sau ɗaya. Allurar da aka maimaita tana iya ɗaukar ciwon hanta. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ya faɗa tun kafin a fara, mai na'urar bugun zuciya kuma kar a haɗa masa ta lantarki. Kuma a ƙirga allurai wajen cirewa, ana mantawa da ɗaya a jiki wlh.

Hajiya_Babba: Sannunku yarana. Ni tawa ba irin ta Baban Khalifa ba ce, ƙagewa ta yi gaba ɗaya, ba na iya kai hannu baya in ja zif, taje kai ma sai an yi min. Likita ya ce da ciwon sugana yake da alaƙa. An yi min allurar kafaɗa ta asibiti sugan ya hau na kwanaki, shi ne 'yata ta kai ni wannan ta Chainan. Zafin dare ya ragu har ina samun barci, amma hannun bai saku ba sai a hankali a hankali da atisayen bango, sama da shekara ana abu ɗaya. To ban san wanne zan gode wa ba bayan Allah.

Mai_Gashin_Ƙashi: Hajiya Allah ya ƙara lafiya. Taki ita ce sandarewar kafaɗa, jakar da ta lulluɓe gaɓar ce ke kumbura ta yi kauri ta tsuke. Ta fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, mata sun fi, masu suga kuma sun fi kowa. Tana da matakai, zafi ya fara, sai ƙagewa, sai sakuwa, kuma takan ɗauki shekara 1 zuwa 3. To duk maganin da aka yi dab da lokacin sakuwa shi ke kwashe yabo. Amma barcin da kika samu ba ƙaramin abu ba ne, wanda bai yi barci ba ba ya iya atisaye da safe. Ni a nan nake ganin amfaninta, ta sassauta zafin har mutum ya iya motsa hannun, motsin kuma shi ne ke gyaran.

Ɗan_Jim: Ni a wurin ɗaga ƙarfe na ji wa tawa, wani ɗan fisiyo ya soka min allura a wani ƙulli a bayan allon kafaɗa naman ya yi tsalle da kansa, washegari kamar an doke ni amma bayan nan ƙullin ya saki. Ita ce akufancar ko?

Mai_Gashin_Ƙashi: Allurar iri ɗaya ce, tunanin ne daban. Wannan busasshiyar allura ake ce mata, ba ruwanta da layukan Chaina, ƙullin da ke cikin tsoka ake nema da yatsa a soke shi. Tushenta aikin Janet Travell ne, likitar shugaba Kennedy na Amurka, da ta yi suna kan waɗannan ƙulle-ƙullen. Ta fi zafi kuma takan fi zurfi, don haka gargaɗin Anti Nas na huhu ya shafe ta sosai.

Sarkin_Gardama: Wannan ta fi kwanta min a rai, aƙalla inda ke ciwo ake sokawa ba ƙwauri ba.

Mai_Karance_Karance: Ita ma hujjarta ta ɗan gajeren lokaci ce ranka ya daɗe, kar ka yi saurin mubaya'a. Af, wani abin dariya, yadda abin ya shiga Amurka ma ta hanyar ɗan jarida ne, James Reston na New York Times, an yi masa aikin afendis a Beijin a 1971 aka yi masa allurar saboda ciwon bayan aiki, ya rubuta labari. Mutane da yawa har yau suna cewa da allurar aka yi masa aikin ba kashe zafi, ba haka ba ne.

'Yar_Sikila: Dan Allah mu masu sikila fa? Kafaɗata ta hagu ta daɗe tana ciwo ba irin na tashin ciwon sikila da na saba ba.

Mai_Gashin_Ƙashi: Ƙanwata ke kam hoto tukuna. A sikila jini yakan gaza isa kan ƙashin dantse kamar yadda yake yi a ƙugu, ƙashin ya fara lalacewa, kuma gara a gano da wuri. Kar ki bari a rufe zafin da allura a bar ainihin abin, ki gaya wa likitanki na jini. Tunda an zo nan ma bari in ƙara, ciwon kafaɗa ko hannun hagu da nauyin ƙirji da gumi yana iya zama zuciya, na dama da ciwon ciki ta sama yana iya zama matsarmama, kafaɗa mai kumburi da zazzaɓi kuma ƙwayar cuta. Waɗannan ba na allura ba ne ko ta wace ƙasa ce.

Abu_Sumayya: To wai zama nawa ake yi kafin a san ta karɓi mutum? Kar a yi ta kai kuɗi ba iyaka.

Ɗalibi_a_Sin: Yawanci sau 1 ko 2 a sati ne, zama 6 zuwa 12. In an yi biyar shida ba wani canji ko kaɗan, ni a ganina a tsaya a sake duba lamarin. Ka sa wa kanka ma'auni tun farko, ina hannu yake kaiwa a bango, sau nawa ciwo ke tashinka da dare.

Baban_Khalifa: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na je an duba ni, an yi sikanin, jijiyar saman nan da likita ya ambata ce ta kumbura amma ba ta yanke ba. An ba ni atisaye da wata roba da zan ɗaura a ƙofa in dinga ja gwiwar hannu a manne da jiki, an ce in rage aikin silin in hau tsani ko in sa doguwar sanda. Mai duba nin ya ce in zafin dare ya ƙi lafawa zai iya haɗa min da allurar, shi ma ya yi karatunta. Har yanzu dai labarin huhun nan yana raina.

Nas_Maijinya: Ka tambaye shi kai tsaye ina zai soka kuma ya yake kauce wa huhu. Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba. Na kan gaɓar kafaɗa ta waje ba su kusa da huhu kamar na tudun wuya.

Sarkin_Gardama: Yanzu in ka warke Anti Ummu ta ce allura ce, ni in ce roba da tsani ne.

Ummu_Hanan: Ya warke ɗin dai tukuna sai mu yi shari'ar.

Sabon_Shiga: Salam, yanzu na ga wannan zaren. Ni jiya na faɗo daga babur a kan kafaɗa, tun lokacin hannun ya ƙi ɗaguwa sam kuma wurin ya ɗan faɗa ciki ba kamar ɗayar ba, yatsuna biyu suna min dindiris. Allurar za ta yi min?

Mai_Gashin_Ƙashi: A'a ɗan'uwa, wannan gocewa ce ko karaya sai an tabbatar ba su ba ne. Rataye hannun a wuya da ƙyalle, kar kowa ya ja maka shi, ka tafi sashen gaggawa yau ɗin nan a yi eksire, kuma ka gaya musu maganar yatsun.